Hannun Ladidi da Baƙin Rini

Yanzu na baro gidan Ladidi mai kitso a Ƙofar Galadima, kuma na kasa zama wuri ɗaya.

Na same ta tana shafa wa wata Hajiya baƙin rini ba safar hannu, yatsunta sun kumbura, sun tsattsage, har suna ruwa. Likitan fata ya riga ya gaya mata jikinta ya daina karɓar rinin nan. In ta ci gaba, kitson ma zai gagare ta.

Da Hajiyar ta shiga wanke kai, na ce, "Ladidi, ina safar da na kawo miki?"

Ta yi ƙasa da murya. "Anti, sau ɗaya na sa. Hajiyar nan ta ce, 'Ƙyamar kaina kike yi?' Wata biyu ba ta dawo ba."

"To ki koma haɗin lalle da ganyen baba mana."

"Masu zuwa rinin sun ce yini guda yake ci, su kuma sauri suke."

Da hannun nan take ciyar da 'ya'ya uku.

Mata masu zuwa rini, ku faɗa mini gaskiya: in mai kitsonku ta sa safa don ta tsira da yatsunta, ku ta wulaƙanta?