Murfi na Huɗu

Baffana mai walda ne, kuma tankokin mai kaɗai yake ɗinkewa. A gareji Hanci ake ce masa, domin ba ya kunna wuta sai ya hau bisa tanka ya buɗe kowane murfi, ya cusa kai ya shinshina. Direbobi sun sha yi masa tsiya, wai ko matarsa ce ta miƙo ruwa sai ya shinshina. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake tankar da aka juye ta fi cikakkiya mugunta, don mai ya fita amma tururinsa yana ciki.

Sau ɗaya tak ya karya wannan doka, kuma saboda mahaifina ne, wansa, direban tanka.

Wata safiya Baba ya shigo da motarsa tana yoyo ta gindi, ga lodi na jiransa. Baffa ya kama tsani ya fara hawa.

"Sauko, na wanke ta da hannuna," in ji Baba. "Ko ni ma sai ka bincike ni?"

"A'a, Yaya."

A gaban mutane ne, kuma Baffa bai taɓa musa wa Baba magana ba. Ya sauko. Cikin tankar kashi huɗu ne, kowanne da murfinsa. Baba ya wanke uku, gaggawa ta mantar da shi na baya. Yana tsugune yana nuna wurin yoyon Baffa ya ɗora wuta.

Baffa ya tashi da kunne ɗaya da tabo har wuya. Baba bai tashi ba.

Mu biyar Baffa ya kwasa ya haɗa da nasa, bai taɓa bari mun ji maraici ba. Duk da haka na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Sai da na girma na gane kunya ce ta kashe mana uba.

Yanzu ni ma tanka nake ja. Bara na kai masa ita gyara, ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi.

"Baffa, kada ka wahala, na wanke duka huɗun."

Ya dube ni ya daɗe, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ji, ɗana," ya ce. "Riƙe mini tsanin."