Fitila da Tsakar Rana a Hanyar Ɗa'if

"Ustaz, firij ɗin ya daina ƙara," in ji Bashir daga kujerar baya.

Bashir yana da ciwon suga, allurarsa kuma tana cikin firij ɗin, ga rana tana dukan motar. Na ɗebo ɗalibaina ne daga Makka za mu kwana a daji. Ƙaramin firij ɗin yana shan wuta daga batir na biyu da muka jona da motar, ashe duk tafiyar nan bai yi caji ba.

Na tsaya na kira Abu Faisal, maƙwabcina a unguwar Zahir da ya ara mana motar.

"Ya shaikh, sabuwar mota ce," ya ce. "Dinamon da ke caji wayo gare shi. Da batirin motar ya cika sai ya rage wuta, naku kuwa ko oho. Kunna fitilu duka ka ci gaba da tafiya."

"Da tsakar rana?"

"Kai dai kunna! Sai ya ji ana jan wuta yake tashi."

Na kunna. Direbobi suna ta yi mana alamar mun manta fitila, amma a cikinmu ba mai dariya. Bashir ya kara kunnensa a jikin firij.

Can ya ɗago. "Ustaz, ya tashi."

Muka ci gaba da tafiya, fitilu a kunne.

Masu fita daji da sababbin motoci, ku gwada cajin tun kuna gida. Akwai wanda haka ta taɓa faruwa da shi?