Saƙon da na riƙe saboda zaman makoki

A shekarun da wannan abu ya faru, ni tafinta ne a wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa da ke gefen Lyon. Kafin nan na zauna Kano, na zauna Abijan da Aljiyas, ina jin Faransanci da Larabci da Zabarmanci, don haka duk ɗan wasan da aka kawo daga Afirka a hannuna ake damƙa shi. Ina ganin babu halin mutanen da ban sani ba.

Akwai wani ɗan Damagaram a kulob ɗin, mai tsaron baya, ya kai shekara talatin da huɗu, gwiwarsa ta fara damunsa. Baba yake kirana, kuma ba shi da wakili sai ni. A wannan shekarar hukumar da ke sa ido kan kuɗin kulob-kulob ta yanke wa namu iyakar albashi, aka ce a kai jerin 'yan wasa Paris kafin ƙarshen Yuni. Albashinsa shi kaɗai zai ɗauki matasa biyu. Darakta ya kira ni ofis ya ce ba ya son sallamar mutumin da ya yi musu shekara bakwai. Ya ce in gaya masa da harshenmu cewa za a ba shi shekara ɗaya a kan rabin albashi, daga nan ya koma horar da matasan kulob, su biya masa kuɗin kwas. Amma amsa yake so cikin mako biyu.

Kwana ɗaya kafin wannan maganar mahaifin ɗan wasan ya rasu, ya tafi gida. Na kira shi na yi masa ta'aziyya, ina jin muryoyin masu zaman makoki a bayansa, sai na ajiye waya ban faɗi saƙon ba. A wurinmu ba a yi wa mai makoki zancen albashi, balle na ragi. Na ce bari a yi addu'ar uku. Aka yi, na ce bari a yi ta bakwai, daga nan zuciyata ta ce ai arba'in ce ta dace. Na ga yadda Faransawa ke binne uba ranar Laraba su koma aiki ranar Litinin, kuma a raina ina raina musu wannan. Duk lokacin da darakta ya tare ni a bakin fili, sai in ce masa mutumin yana tunani. Shi kuwa ya ɗauka ɗan wasan ya ƙi ne. Ya ɗauki matashi, ya kai jerinsa Paris.

Da ɗan wasan ya dawo, takardar sallama ya tarar. Babu kulob ɗin da ya kalli mai shekarunsa da irin gwiwarsa. Ya kwashe iyalinsa zuwa Saint-Denis da ke gefen Paris, ya kama aikin gadi a wani babban kanti. Shekara biyu yana kirana duk Juma'a ya gaishe ni, yana cewa Turawa ba su da amana, ni kuma ina amsa masa da cewa sai haƙuri.

Bayan na yi ritaya na koma Paris, na gayyace shi wani gidan abinci a Belleville, na faɗa masa komai. Ya ajiye cokali. Sannan ya ce, "Baba, mutanen da ka ji suna zaman makokin nan, ni nake ciyar da su. Da ka faɗa mini, a bakin zauren zan ce na yarda." Ya ƙara da cewa duk harsunan da nake taƙama da su, magana ɗaya ta gagare ni da Hausa. Ya biya kuɗin abincinmu ya tafi, kuma ya daina kira.

Na rubuta wa daraktan gaskiyar abin da ya faru. Ya riga ya bar kulob ɗin, amma ya aiko da takardar shaida mai kyau, na kai wa matar ɗan wasan. Bayan wata huɗu ɗan wasan ya kira ni. Bai yi zancen baya ba, ya ce an karɓe shi kwas ɗin koci, amma rubutun Faransanci na ba shi wahala, ko zan duba masa. Duk Asabar muke zama a kansa har ya ci jarrabawa. Yanzu yana horar da wata ƙungiyar unguwa, kuma idan na je kallo yakan ce wa 'yan wasansa ga tsohon da ya kore shi daga Lyon, mu yi dariya, ko da yake tawa ba ta kai tasa ba.

Na ɗauka girmama shi nake yi, ashe na yanke masa hukunci ne a kan abincin gidansa ba tare da ya sani ba. Ku da ke tsakanin 'yan'uwanmu da ofisoshin ƙasar nan, idan an ba ku saƙo mai wa'adi ku isar da shi ranar da kuka karɓa. Ku yi gaisuwa, ku nemi gafarar kawo shi a wannan lokaci, sannan ku faɗa. Ko mai makokin ya amsa yau ko ya jira arba'in, shi ne zai zaɓa.