Yaya Ado, Dagwalon Challawa da Kotun Ƙoli

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Ado, manomin lambu a gefen kogin Challawa. Duk lokacin da shekara ta zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu mai sanyi a kansa, irin wanda ya dace da mamaci. Da na ɗauki biro sai shari'arsa ta faɗo mini a rai, sai in ajiye. Bana na ce bari in rubuta da ɓacin ran nawa, tunda shi ma bai taɓa ɓoye nasa ba.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ni na guje wa fartanya, na samu aiki a wani kamfanin roba a Sharada. Shi ya tsaya a lambun da muka gada, yana noman latas da kabeji da albasa, 'yan sari suna zuwa har bakin lambu su ɗauka. Haka ake ciki sai wani kamfanin jimar fata, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya haƙa sabuwar magudana ta bi ta saman lambun ta gangara kogi. Ruwan da ke bin ta wata rana baƙi ƙirin, wata rana shuɗi-shuɗi, ga wari mai hawa kai. Kafin rani biyu rijiyoyin lambu sun canja ɗanɗano, ganye ya fara ƙonewa tun yana ƙarami, duk wanda ya taka ruwan kuma ya kwana yana susa.

Yaya ya je wurin mai unguwa, ya je wurin dagaci, ya yi ta sintiri ƙofar kamfanin ana ce masa manaja ya yi tafiya. Da suka gaji da ganinsa sai suka aiko cewa za su haƙa masa rijiyar burtsatse a ƙofar gidansa a Zawaciki. Ya ce wa ɗan aiken, “Gidana lafiyarsa ƙalau. Ƙasata ce ba ta da lafiya.”

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, kowa yana ganin yanzu talaka zai yi magana a ji. Sai ya shigar da ƙara a babbar kotun jiha. Lauyarsa Barista Binta ce, 'yar wani amininsa, wadda ba ta daɗe da gama makarantar lauyoyi ba. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba: a umarci kamfanin ya riƙa tace ruwansa kafin ya sako, ko ya kawar da magudanar daga gonakin mutane.

Yana da shaida kuwa, shaida mai ƙarfi. Ishaya sunansa, mutumin Kagoro, maƙwabcin Yaya ne, kuma a sashen da ake jiƙa fatu cikin sinadari yake aiki a kamfanin. Ya san ramukan tace ruwan sun lalace an ƙi gyarawa. Ya ce, “Malam, in an kira ni zan faɗi abin da idona ya gani.” Maganar ta kai kunnen masu kamfani, sai aka ce za a rage ma'aikata, kuma ragin bai faɗa kan kowa ba sai Ishaya. Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu ya koma dako a bakin kasuwa, yana jiran ranar da kotu za ta kira shi.

Ranar zaman farko lauyoyin kamfani suka miƙe tun kafin a ce komai game da ruwa, suka ce wannan kotu ba ta da hurumin sauraren ƙarar, wai sha'anin masana'antu da muhalli na babbar kotun tarayya ne. A da abin da na sani da hurumi shi ne filin bayan gari da ba a yarda kowa ya gina ba. Ranar na koyi cewa a bakin lauyoyi yana nufin ikon kotu na duba magana. Alƙali ya shafe fiye da shekara ana ɗage zama, sannan ya ce yana da hurumi. Muka yi murna kamar an gama. Ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Kamfani ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna a kan wannan batu kaɗai, aka jingine asalin shari'ar. Bayan wasu shekaru alƙalan Kaduna su uku suka ce na Kano ya yi daidai. Kamfani ya tattara takardunsa ya nufi Kotun Ƙoli a Abuja.

Duk tsawon wannan lokaci dagwalon bai fasa gudu ba ko na yini ɗaya. Yaya ya sayar da injin ban-ruwansa, ya sayar da shanun huɗa, rabin lambun ya zama fako. A nan ne muka fi samun saɓani da shi. Na ce, “Yaya, ka haƙura hakanan. Waɗannan mutane ba gaskiya suke nema ba, so suke ka gaji. Sun fi ka numfashi.” Ya ce, “Na ji. To in na bari, me zan ce wa Ishaya?” Har yau ina ganin shawarata ba ta da laifi, kuma har yau ban samo amsar tambayarsa ba.

Da aka sa ranar zama a Abuja ya ce sai ya je da ƙafarsa, ni na raka shi. Ya cika galan da ruwan magudanar, ya ɗaure bakin da leda, ya rungume shi tun daga tashar mota fasinjoji suna toshe hanci. A ƙofar kotu masu gadi suka ce galan ba zai shiga ba. Barista Binta, wadda a lokacin har ta yi aure 'ya'yanta sun shiga firamare, ta ja shi gefe ta ce, “Baba, ku yi haƙuri. Nan ba a kallon ruwa, ba a kiran shaida. Abin da kotunan ƙasa suka rubuta suke karantawa, su duba ko an bi doka.” Ya ce, “To shi ruwan wa zai duba shi?” Ta ce sai an koma Kano.

Alƙalai biyar ne a zaune, dattawa masu kwarjini. Kafin a zo kanmu an kira ƙarar wani da aka yanke wa hukuncin kisa, shi ko kawo shi ba a yi ba. An kira ta wani ma'aikacin gwamnati da ke cewa an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, da ta wasu dangi biyu masu rikicin fili tun zamanin kakanninsu. Da aka kira tamu, lauyan kamfani ya miƙe ya ce yana nan a kan abin da ya rubuto, Barista Binta ma ta ce haka. Ɗaya daga cikin alƙalan ya tambayi lauyan kamfani ko a duk shekarun nan an saurari shaida ko guda. Ya ce ba a saurara ba. Dattijon ya cire tabarau ya zuba masa ido, har lauyan ya sunkuyar da kai. Daga nan aka ce za a sanar da ranar hukunci. Duka-duka bai kai a sha kofin koko mai zafi ba. Yaya, da ba ya jin Turanci, ya raɗa wa Barista, “Yaushe za a fara?” Ta ce, “An gama, Baba.”

Bayan 'yan watanni ta zo har lambu da kanta, fuskarta cike da fara'a. Ta ce alƙalan biyar duk bakinsu ya zo ɗaya, mun yi nasara, har sun yi wa kamfanin faɗa a kan ɓata lokaci. Yaya ya ce alhamdu lillahi, yaushe za a toshe magudana? Ta ce ba wannan aka yanke ba. Abin da aka yanke shi ne kotun Kano tana da hurumi, don haka a koma can a fara sauraren ƙarar daga farko. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Ashe duk shekarun nan sallama muke yi a ƙofar gida. Yanzu ne aka ce mu shigo.”

Sai dai gidan babu kowa. A shekarun nan ne rashin wutar lantarki da kayan waje suka yi ta kashe masana'antun Kano ɗaya bayan ɗaya, daga Bompai har Sharada, ni ma nawa aikin a nan ya tafi. Kamfanin fatar ya rufe tun kafin a sa ranar komawa kotun Kano, masu shi sun kwashe injuna sun bar ƙasar, an garƙame ƙofa da kwaɗo. Magudanar ta bushe don kanta, ta bar ƙasa mai gishiri-gishiri da ko ƙaya ba ta son fitowa a kai. Wa za a ba umarni? Ishaya kuwa zama ya gagare shi, ya kwashi iyalinsa ya koma gida noman citta, ya bar saƙon cewa ko yaushe aka kira shi zai hau mota. Kiran da ya samu shi ne na rasuwar Yaya, a daminar da ta biyo baya, bayan jinyar ciwon ƙoda. Ya zo ta'aziyya, ya zauna a kan tabarma tare da mu har aka yi sadakar uku, yana ta cewa, “Ko sau ɗaya ba su bar ni na buɗe baki ba.”

Da Yaya zai leƙo yau, na san abin da zai fara ba shi haushi. Zai ji a rediyo ana cewa shari'ar zaɓe ta tashi daga kotun farko ta kai Kotun Ƙoli an yanke cikin watanni, domin 'yan siyasa sun sa wa tasu shari'ar wa'adi a tsarin mulki. Sun san zafin jira da ya zo kan kujerarsu. Manomi kuwa da ɗan fursuna da korarren ma'aikaci sai su bi layi, mai haƙuri ya dafa dutse, ko da kuwa ba zai ga romon ba. Zai kuma ga unguwanni sun cinye gonakin Zawaciki, tsofaffin masana'antu sun koma rumbunan ajiye kaya, amma 'yan kamfanonin da suka rage har yanzu kogin ne bolarsu.

Ba na zargin dattawan nan biyar. Abin da aka kawo gabansu suka duba, kuma sun faɗi gaskiya. Mutane 'yan ƙalilan ne aka jibga wa rigimar ƙasa guda, daga kisan kai har gardamar sarauta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tsarin da ya yarda mai ƙarfi ya ɗauki ƙaramar tambaya ya yi ta hawa da ita har ƙololuwa, alhali ɓarnar da aka kawo kuka a kanta tana ci gaba. Gobara tana ci, an tsaya gardamar da gugan wa za a ɗebo ruwa.

To me ya rage na Yaya Ado? Lambun dai ya tafi, 'ya'yansa sun yanka shi filaye. Amma bara waccan Barista Binta, wadda yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ta kira ni ta ce in zo kotu in ga wani abu. Wasu masunta ne na ƙasan kogi suka yi ƙarar wani kamfanin, ita ce lauyarsu. Lauyan kamfanin ya miƙe da tsohuwar waƙar nan ta hurumi. Ta buɗe littafin hukunce-hukunce ta karanto sunan yayana, ta ce Kotun Ƙoli ta riga ta rufe wannan baki. A zama ɗaya alƙali ya yi watsi da maganar, ya ce a kira shaida. Wata tsohuwa mai suyar kifi ta shiga akwatin shaida, ta yi bayani da Hausarta tiryan-tiryan yadda kifi yake tasowa matacce, alƙali yana rubutawa.

Ina zaune a bencin baya, babu wanda ya san ni ƙaninsa ne. Na yi murna, ban ƙi ba. Amma da na auna abin da ya ci kafin tsohuwar nan ta samu bakin magana, lambu guda da aikin Ishaya da ƙarshen rayuwar mutum, sai na ga an saya da tsada ƙwarai. Allah ya jiƙan Yaya Ado, ya yafe masa kurakuransa, ya sauƙaƙa masa tsayuwa a gaban Alƙalin da ba ya ɗage zama.