Mai Takara da Jini a Goshi

Kefas na jiran motar Abuja, direbobi na musu kan sarauniyar wani fim da ta ƙone birni don ta hau karaga.

"Mace mai son mulki mayya ce," in ji ɗaya.

Can gefe wata doguwar mace, jini na bin goshinta, tana manna hotonta na takarar kansila inda wani ƙato mai gora ya yage na farko. Yadda take kallonsa, Kefas ya ɗauka malamar makaranta ce.

"Madam, ba ki daddara ba?"

"Ƙara dukan. Jakar cike take."

Ya sauke mata gorar a hannun dama. Ta durƙusa, ta zaro wani hoton da hagu.