Kwalbar da na zuba wa sarƙar keke

Makon jiya 'yata ta aiko mini da wata 'yar kwalba daga Kaduna, inda take aure. Man kattan ne, wanda ake matsa daga wasu ƙananan 'ya'yan tsiro masu santsi. Ta kira ni a waya ta yi mini bayani: cokali ɗaya a cikin koko da safe, kada in yi suya da shi, kada in bar shi a rana. Wai yana taimakon zuciya, yana sassauta ciki, yana laushe fata. "Ku riƙa shafawa a gwiwar ma, Baba. Amma kada ku bar maganin asibiti."

Da na buɗe murfin na kai hanci, sai na nemi wuri na zauna. Ba ƙamshi ɗaya ba ne, amma ya yi kusa. Man riɗin kakata ya tuna mini.

Gidanmu yana bakin kogin Challawa, tun kafin kamfanoni su cinye gonakin. Inda katangar wani kamfanin fata take a yau, nan kakata take shuka riɗinta. Idan kaka ta yi, sai a yanke a ɗaure dami-dami a jingine su tsaye, su bushe, sannan a kife kowane dami a kan tabarma a kakkaɓe. Har yau ina jin ƙarar zubarsa, kamar yayyafi a kan rufin kwano.

Ita kaɗai take yin man. Ta wanke, ta shanya, ta soya sama-sama a kasko har gidan ya ɗauki ƙamshi, sannan ta daka. Daga nan ta zauna ta miƙe ƙafa, ta riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana murzawa da hannu, tun hantsi har azahar, kafin man ya fara tsatsowa. Wahalar yini guda ba ta wuce kwalba ɗaya, ta toshe bakinta da totuwar masara.

Ni yaro ne mai yawan ciwo, ga kaushi, ga ƙirji. Bayan la'asar takan kwantar da ni rub da ciki a kan tabarma, ta ɗumama man a tafin hannunta, ta bi bayana tun daga wuya har ƙugu. Hannunta kaushi gare shi kamar bawon itace, amma ban taɓa samun barci irin na wannan lokacin ba.

"Maigida, kai dai ba ka da abin kirki," takan ce. "Miji duk ƙashi. Bari in gyara kayana kafin wata ta gani ta raina ni."

Makaranta ban yi nisa ba. Da na tasa, na samu aiki a wani kamfanin mai a Sharada, na kama ɗaki a Ɗorayi, na sayi keke. A can na ga inji yana haɗiye buhun gyaɗa kafin ka juya, mai yana kwarara kamar famfo. Daga nan kaina ya kumbura. Duk abin da aka yi da hannu sai na ga ƙauyanci ne.

Wata Lahadi na je gida da abokan aikina biyu. Mun ci abinci, za mu tafi, sai kakata ta biyo mu har zaure tana dogara sanda, riƙe da kwalbar man riɗi. A lokacin hannayenta sun fara rawa. Daga baya mahaifiyata ta gaya mini kwana biyu ta yi tana matsar wannan man, ta hana kowa ya taɓa mata.

"Ungo, maigida. An ce tsaye kuke yini a gaban inji. Ka riƙa shafa wa bayanka."

Ɗaya daga cikin abokan ya dubi totuwar ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai da kake iyo a cikin mai, kuma ake yi maka guzurinsa?"

Kunya ta kama ni, kunyar banza. Na karɓa da hannu ɗaya. Sarƙar kekena tana ƙara tun a hanya, sai na tsugunna a ƙofar gida, na cire totuwar, na tsiyaya man a kan sarƙar ina juya feda, har yana ɗiga a ƙasa. Na ce, "Ga inda zai yi amfani." Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Da na ɗago, tana nan tsaye a bakin zaure. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi ƙasar da ta jiƙe, ta ce, "To, Allah ya sa ya yi masa magani." Ta juya.

Ba ta sake kirana maigida ba. Idan na je, sai ta ce, "An zo lafiya? Ya aiki?" kamar baƙo. Na sha ƙudurta cewa Lahadi mai zuwa zan durƙusa in ba ta haƙuri. Kullum sai in ce ai tana nan. Damina ba ta kai ƙarshe ba aka aiko mini wurin aiki cewa ta rasu.

Kamfanin nan ya daɗe da rufewa, ciyawa ta fito a tsakar filinsa. Abokan da na ji kunyarsu, ban san inda suke ba. Matata ta riga ni gidan gaskiya, yara sun watse neman abinci, ni kaɗai nake cikin gidan. Yanzu kuma ga shi an dawo ana neman man da ba a wahalar da shi da inji ba, ana zuba shi a kwalba mai kyau, masu ilimi suna yabonsa.

Ina shan cokalina da safe, kamar yadda yarinyar ta ce. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarma, in ɗumama man a tafin hannu yadda na ga ana yi, in yi wa tsohuwar addu'a, in shafa gwiwa da ƙafa. Gwiwar kam da sauƙi, alhamdulillahi.

Bayan ne yake ciwo, daidai tsakiya, kuma nan hannuna ba ya kaiwa.