Mai Baƙin Kumatun Ce Usaina

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata goma ban sa hoto a nan ba, har wasu na tambaya ko matsalar iƙama ce, wato takardar zama a Saudiyya. Ba ita ba ce, fuskata ce.

Mu tagwaye ne, ni da Hassana. Tun muna yara a unguwar Karantina ta Jidda ko Ummanmu sai ta kira suna biyu kafin ta dace. Bayan haihuwata ta biyu wani duhu ya zauna mini a kumatu da goshi, Larabawa na ce masa kalaf.

A wani biki a Aziziyya, muna cire niƙabi wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Halas, mun huta! Mai baƙin kumatun ce Usaina."

Kowa ya yi dariya, har da Hassana. Wallahi ranar kishinta ya tokare ni a ƙirji. Ciki ɗaya, nono ɗaya, ita fes, ni kamar gindin tukunya?

Na je na sayo khalɗa, man haɗin nan na kwalba marar suna. Sati uku na yi haske. Wata na huɗu fatar ta yi ja, jijiyoyi suka fito, ko ruwan alwala raɗaɗi yake mini. Na daina, baƙin ya dawo ninki biyu.

Hassana ce ta ja ni asibiti. Likitar fata ta haska ni da wata fitila mai shuɗin haske, ta ce man ya cinye fatar, ta tura ni gwajin jini da na ƙoda. Kwana uku ina jiran sakamako. Ƙoda lafiya. Kuɗin magani kuwa, sai da 'yan kunnena suka tafi.

Da likitar ta ce rana ce ke ƙara baƙin, na ce mata ai kullum da niƙabi nake fita. Ta ce, "Ranar Jidda tana ratsa yadi. Ga zafin murhun da kike suyar masa a kai."

Wata shida ina shafa maganinta da man kariyar rana. Tabon ya dusashe, bai ɓace ba.

Yanzu Hassana na da ciki. Makon jiya ta zo ta ɗaga niƙabi, sai ga duhu a kumatunta. Allah Ya yafe mini, daɗi na fara ji.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Usaina, khalɗar nan, sati uku kawai zan shafa. Ina shagon yake?"

Na san shagon sarai. Na yi shiru, shiru mai tsawo. Sannan na kama hannunta na ɗora a kumatuna na ce, "Yalla, ɗauko abayarki mu je asibiti."

Alhamdulillahi da lafiyar da na samu. Na gode wa likitata da duk wanda ya neme ni. Mata, kwalbar da ba ta da suna kada ta taɓa fuskarku, mai ciki kuma kada ta shafa komai sai likita ya gani.

Hassana, ranar nan da na yi shiru, kin ɗauka sunan shagon nake ƙoƙarin tunawa. Ba shi ba ne, zuciyata ce ke raya mini in faɗa miki. Ki yafe mini.